Yadda Ake Jagorantar Ƙungiya Daga Ƙarƙashin Gadon Mataimaki

Kai mai sha'awar shugabanci, ka zo inda ya dace. Ni ne Malam Gwadabe Mai Agogo na Rikkos, ciyaman na Ƙungiyar Masu Gyaran Agogo da Rediyo ta Taminus tun shekarar 2000. A hannuna kasuwarmu ta ƙone. A hannuna sana'armu ta mutu. A hannuna gari ya rikice. Kuma yau da nake maka wannan rubutu, ƙarshen 2009, ni ne dai a kan kujera.

Saboda haka in ana zancen riƙe jama'a cikin tashin hankali da canjin zamani, ka yi shiru ka saurara. Matakai tara ne. Ka bi su yadda na jera, na yi maka alkawari ba mai tsige ka. Ban ce za ka amfani kowa ba. Wannan wani darasi ne daban, kuma ba ni ke koyar da shi ba.

Mataki na 1: Ka mallaki benci

Masu karatu za su ce maka shugaba na bukatar hangen nesa. Ƙarya ne. Benci yake bukata.

Mu talatin da huɗu ne a ƙungiyar, Musulmi da Kirista, kowa da ɗan shagonsa a cikin babbar kasuwar Jos. Ni kaɗai ke da dogayen bencuna biyu, don haka a shagona ake mitin. Da aka zo zaɓe, wani ya ce tunda a wurin Gwadabe ake zama, a bar masa. Aka yi tafi. Aka ba ni mataimaki, Chuwang na Anguwan Rukuba, mai gyaran rediyo, mutum marar yawan magana wanda hannunsa ya fi na kowa a layinmu. Aka ba ni sakatariya, Madam Felicitas, mai sayar da batir da igiyar agogo, gwauruwa mai 'ya'ya uku, wadda ke haya a bakin unguwarmu ta Rikkos.

Ranar na koma gida na gaya wa matata Maimunatu cewa jama'a sun hango basirata. Ta ce, "Allah ya taya riƙo, Baban Salma." Ta ci gaba da fere dankali.

Mataki na 2: In masifa ta zo, ka iso a makare, amma da guga

Wata safiya cikin Fabrairun 2002 Maimunatu ta faɗo ɗaki ko sallama babu.

"Baban Salma, kasuwa na ci da wuta!"

Ƙaramin mutum zai fita a guje da silifa ƙafa ɗaya. Kada ka yi haka. Jama'a na kallon shugaba, in suka ga rigarsa a yamutse sai hankalinsu ya ƙara tashi. Na ce ta goge mini farar babbar rigata. Ta dube ni, ta tafi hura gawayin dutsen guga.

Na isa Taminus wajen ƙarfe tara. Hayaƙi ya rufe sama, mata na birgima a kan titi. Na tarar da Chuwang zaune a bakin kwata, girarsa ta babbake, a gabansa buhu guda cike da kayan aikin mutum biyar da ya iya fitarwa. Nasa ba ya ciki.

Na hau kan wani dutse na ɗaga hannu. "Jama'a, kowa ya kwantar da hankalinsa!" Ba wanda ya juyo. Wannan alama ce ta cewa saƙon ya shiga.

Bayan kwana biyu aka bari muka leƙa inda shagunanmu suke. Agogon mutane arba'in da ɗaya da ke ajiye a wurina sun narke sun zama dunƙule guda kamar ƙullin tuwo. A cikinsu har da na mahaifina, wanda ya saya lokacin yana aikin kuza. Na fita, na zagaya bayan wata motar tifa, na tsuguna na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ranar da aka binne shi.

Lura da kyau: bayan mota ake yi. Babba, mai tayoyi goma.

A nan Madam Felicitas ta same ni. Ta miƙo mini takarda.

"Oga Ciyaman, ga sunan kowa, da abin da ya rage wa kowa. Gobe za mu kafa tebura a bakin titi, masu kayan aiki su raba da marasa shi. Ka je ka gaya musu kai ka ce."

Na share fuska, na je na gaya musu ni na ce.

Mataki na 3: In ba ka san abin yi ba, ka kafa kwamiti

Bencunan nan nawa sun ƙone, sai maganar wurin mitin ta taso. Ka tuna watanni biyar ke nan kacal da rikicin Satumba na Musulmi da Kirista. Garin ya tsage. Musulmin Rikkos ba ya son yamma ta yi masa a Anguwan Rukuba, Kiristan Anguwan Rukuba shi ma haka.

Muna da wani memba, Datti, mai sayar da agogon bango, maƙwabcin Madam Felicitas. Mutum ne mai zafin kai, in yana magana jijiyar wuyansa har tashi take. Ya tare ni a gaban kowa.

"Ciyaman, a daina ɓoye-ɓoye. A raba ƙungiyar nan biyu, su yi tasu, mu yi tamu."

Kowa ya zuba mini ido. Ga sirrin da ba a koyarwa a makaranta: kada ka ce e, kada ka ce a'a. Na gyara hula na ce, "Magana ce babba. Za a kafa kwamiti."

Na naɗa mutum bakwai su nemo wurin mitin. Suka yi wata biyu ba su zauna ba, domin sun kasa yarda da inda za su zauna su tattauna inda za a zauna.

Ana cikin haka wata Laraba Chuwang ya sauke wani tsohon katako daga kan amalanke, ya ɗora shi bisa bulo huɗu a gindin wata bishiya kusa da teburanmu. Ya zauna a kai yana cin gyaɗa. Wani ya zo ya zauna. Wani ma ya zo. Datti ya zo don ya yi faɗa, ya tarar da wuri, ya zauna, aka miƙa masa gyaɗa. Kafin la'asar an yi mitin an gama, ba wanda ya sake ta da zancen rabuwa.

Na yaba wa kwamitin a jawabin rufewa.

Mataki na 4: Ka jagoranci tawaga zuwa gidan manya

Damina ta kama mu a bakin titi. Duk wanda ya san ruwan Jos ya san ba ya shawara, wani lokaci har da ƙanƙara. Agogo da rediyo kuwa ba sa shiri da laima.

Madam Felicitas ta ji labarin wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati a Rayfield da ke da jerin shaguna shida a kulle, ba nisa da Taminus. Muka shirya zuwa roƙo mu uku. Na kwana uku ina haddace jawabi, har da Turanci a farkonsa.

Gida ne mai furanni da karnuka. Aka kai mu falo. Tsohon ya fito da sanda, ya ji an ce masu gyaran agogo, sai fuskarsa ta washe. Ya nuna wani dogon agogo na katako a kusurwa, ya fi ni tsawo, ya ce na Turawan kuza ne, shekara goma sha biyu ke nan da ya tsaya.

Ɗan'uwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Na buɗe bayansa na ga tagulla tana ƙyalli kamar jiya aka ƙera. Na cire babbar riga, na ciro sukundireba daga aljihu, na durƙusa. Chuwang yana ta taɓa ni yana raɗa, "Ciyaman, maganan shago fa." Na ce ya riƙe mini tocila.

Bayan awa biyu agogon ya buga. Tsohon ya yi hawaye, ni ma saura kaɗan. Ya rako mu har bakin ƙofa yana sa albarka. Sai da muka shiga tasi na tuna ban faɗi ko kalma ɗaya daga jawabina ba.

Na yi gyaran murya zan fara neman wanda zan ɗora wa laifi, sai Madam Felicitas ta buɗe jaka ta zaro makullai shida a zare guda. Ashe tun da na durƙusa ta bi matar gidan kicin, ta taya ta yanka kabeji, suka gama magana.

Ta ce, "Matar gidan ta ce shagunan da sunanta suke, ba na oga ba."

Na jinjina kai a hankali. "Kun ga dabarar ko? Na ɗauke hankalin mijin."

Direban tasi ma ya yi dariya. Ban san me ya ji ba.

Mataki na 5: In canji ya zo, ka tsaya masa a hanya

Sai wayar salula ta cika gari. Da farko manya ne ke rataya ta a ƙugu. Kafin ka ce me, mai acaɓa na da ita, mai tumatir a Farin Gada na da ita. Kuma kowace da agogo a fuskarta.

Wani memba, Badruddeen, magidanci mai 'ya'ya huɗu wanda ba ya rabo da murmushi, ya ɗaga hannu a mitin.

"Ranka ya daɗe, jiya mutum shida suka tambaye ni ko ina gyaran waya. Mai agogo ko ɗaya bai zo ba. Me zai hana mu koya?"

Shugaba nagari ba ya bin iska. Na miƙe tsaye.

"Wace irin magana ce wannan? Mutum yana da hannu lafiyayye, ya bar shi tsirara, ya riƙa laluben aljihu don ya san lokaci? Yayi ne. Na ba ta shekara biyu, za ku ga yara na wasa da ita a bola. Muddin ina kan kujerar nan, ba mai taɓa waya a shagunanmu. Ni kaina ba zan riƙe ta ba, iyalina ma haka."

Madam Felicitas ta ce, "In rubuta, Oga?"

"Rubuta, da jan biro."

Ta rubuta. Har yau shafin yana nan. Duk sabon memba sai an nuna masa.

Mataki na 6: Abin da ba ka son gani, kada ka gan shi

Chuwang ya ce zai je Legas biki. Ya yi mako uku. Ya dawo ba hoton amarya, sai wata ƙaramar jaka cike da sukundireba sirara kamar allura. Daga nan kullum bayan azahar sai in ga mutane na sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa shago na shida, can ƙarshen layi. In na tambaya a ce shayi ake sha.

Na yarda. Ka yarda kai ma. Shugaban da ke bincike yakan gano abubuwa, in kuwa ya gano dole ya yi wani abu.

In na ratsa layin, kowane tebur agogo ne a sama, da wani ƙyalle shimfiɗe a gefe. Wata rana ƙyallen Badruddeen ya fara waƙa. Muka dubi juna.

"Sabon agogo ne, ranka ya daɗe. Mai ƙararrawa."

"Madalla," na ce, na wuce.

Zuwa 2007 mutanena sun murmure. Badruddeen ya zama gwanin da ake aiko wa waya tun daga Bukuru. Ni kuwa ina nan da gilashina a ido, kuma abin mamaki ban rasa aiki ba. Kowane mako sai tsofaffin agogo uku ko huɗu sun zo teburina. Nakan ɗaga su in nuna wa jama'a. "Kun gani? Wa ya ce sana'ar ta mutu?" Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa duk masu kawo su 'yan Anguwan Rukuba ne ba, ko dalilin da ya sa kowannensu zai ce, "Chuwang ne ya ce in kawo."

Mataki na 7: Ka hukunta mai laifi, amma kada ku haɗa ido

Cikin Nuwamban 2008 na zo kasuwa na tarar an canja allon ƙungiya. An rubuta da sabon fenti: Agogo, Rediyo da Waya. Wayar ma ta fi sauran girma.

Na tambaya wa ya yi. Chuwang ya ce, "Ni ne, Ciyaman. Kostoma suna wucewa, ba su san muna nan ba."

A ɓoye na iya jurewa. Amma a allo, a bakin titi, inda surukaina ke wucewa? Na koma gida na rubuta takardar dakatar da shi daga muƙaminsa na wata shida. Da hannuna na rubuta, don na san in na ba Madam Felicitas takardar za ta ɓata a hanya.

Yanzu ga ƙa'ida. Ba a miƙa irin wannan takarda hannu da hannu, domin mutum na iya tambayar ka dalili. Ana tura ta ne ta ƙarƙashin ƙofa da sassafe, a juyo da sauri.

Na zaɓi Juma'a, 28 ga wata, washegarin zaɓen ƙananan hukumomi. Na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na zura babbar riga saboda sanyi, na sa takarda a aljihu na fita. Rediyon gidana ya shekara a lalace. Waya kuwa ka san matsayina. Don haka duk Jos ni kaɗai ne ban san abin da ya fara faruwa ba.

Na lura hanya ba kowa. Na ce a raina mutanen yanzu ba sa sammako.

Mataki na 8: In wuta ta kama, ka nemi wuri mai ƙasa

Na sunkuya a ƙofar Chuwang ke nan, takarda ba ta ma fito daga aljihu ba, sai na ji ƙarar bindiga. Sai ihu. Na ɗago na hango hayaƙi wuri uku ta wajen gari. Mutane suka fara fitowa daga gidaje a guje, wasu da sanduna. Ga ni tsakiyar Anguwan Rukuba da babbar riga da hula, kamar an kafa tuta.

Ƙofar ta buɗe. Matar Chuwang ce, Ngo Klaudiya, mace gajera mai kauri. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ta damƙi wuyan rigata ta fizgo ni ciki ta sa sakata.

Chuwang ya fito da buroshi a baki. Ya dube ni, ya dubi taga.

"Ciyaman, cire rigan nan. Cire hula. Shiga ƙasan gado."

Ka lura, ban yi gardama ba. Shugaba nagari yana sauraron na ƙasa da shi.

Gado ne na ƙarfe, ƙarƙashinsa akwai tsofaffin rediyo da buhun acca. Na kwanta a tsakaninsu da singileti. Ngo Klaudiya ta kwashe rigata za ta tsoma a baho cikin wanki, ta laluba aljihu kamar yadda mata ke yi. Na ji ƙarar takarda. Na ji gadon ya lotsa a kaina, Chuwang ya zauna. Ya karanta ta har ƙarshe.

"Ciyaman."

"Na'am."

"Ba haka ake rubuta sunana ba. Ka sa Cuwan. Akwai h, akwai g."

"Za a gyara."

"Dakatarwan nan, yau ya fara ko sai Litinin?"

Na yi nazari a kan matsayina. "Sai Litinin."

"To, ina da sauran aiki ke nan."

Ya ciro waya ya danna. Na ji muryar da na sani tana kuka. Maimunatu ce. Ashe shekara biyu ke nan tana da waya, a cikin tukunyar da take ajiye daddawa, kuma Chuwang ne ya haɗa mata. Ya miƙo mini ita ƙasan gado.

"Baban Salma! Kana ina? Kana da rai?"

"Ina cikin taron gaggawa," na ce.

Wajen ƙarfe goma aka buga ƙofa da ƙarfi. Daga inda nake ƙafafu kawai nake hangowa ta ƙofar ɗaki. Na ga silifan Ngo Klaudiya sun nufi zaure, na Chuwang na biye. Na ji muryoyin samari da yawa.

"An ce wani mai babban riga ya shigo nan."

"Wa ya ce?" Muryar Ngo Klaudiya ke nan. "Kai, ba ni na riƙe ka ranar baftisma ba? Kai kuma na baya, ɓoye fuskan me kake yi, mamanka ta san kana nan? Gidan nan gidana ne. Wanda ke ciki nawa ne. Mai son shiga ya fara da ni."

Silifan nan ba su matsa ko taku ɗaya ba. Na ƙura musu ido, shuɗaye ne, ɗaya an ɗaure shi da waya. Na karanta duk addu'ar da na sani, na koma farko. Ban san tsawon lokacin ba, ni da na shekara talatin ina gyara wa mutane lokaci. Daga baya na ji ƙafafu suna ja da baya.

Da ta dawo ta ɗan zauna a ƙasa. Sannan ta tashi ta ɗora gwate, faten acca.

Chuwang ya ce mu nemi mutanenmu. Littafin ƙungiya na kasuwa, amma sunayen talatin da huɗun nan suna kaina bi da bi, domin kiran suna shi ne aikin da na fi ƙwarewa a kai. Ina faɗa daga ƙasa, yana dannawa daga sama. Wannan yana gida. Wannan ya gudu barikin soja. Wannan an ƙone masa ɗaki amma ya tsira.

Da muka zo kan Madam Felicitas, raɗa take yi. Tana kulle a ɗaki da 'ya'yanta, ana ta wucewa ta bayan tagarta da ihu. Gida mafi kusa da ita na Datti ne.

Chuwang ya ce, "Ba zai ji nawa ba. Kai ne ciyaman."

Ya danna ya miƙo. Na riƙe wayar a juye, ya gyara mini.

"Datti, Gwadabe ne."

"Ciyaman? Kai da waya? Kana ina?"

"Ina ƙarƙashin gadon Chuwang. Matarsa ta tsaya a ƙofa saboda ni ɗazun nan, da ba ka sake jin muryata ba. Ka tashi yanzu ka je ka ɗauko Madam Felicitas da yaranta ka kai su ɗakin matarka. Ba kwamiti. Yanzu."



"In an tare ni fa?"

"Ka tsaya a ƙofa. Na ga an yi, yana aiki."

Bayan minti ashirin ta kira da kanta daga gidan Datti. An ba ta hijabi, yara na cin ɗumame.

A shekara tara, wannan ne umarni ɗaya da na bayar da kaina aka bi, kuma a kwance na ba da shi, kumatuna a jikin buhun acca.

Mutum talatin da uku muka samu labarinsu. Wayar Badruddeen ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Muka sake da azahar. Muka sake da la'asar. Ranar Asabar ta daina shiga. Ashe ya fita ne da safiyar Juma'a ya ɗauko 'yarsa da ta kwana gidan kakarta. Yarinyar tana nan lafiya. Shi bai isa ba.

A kan wannan ba ni da mataki.

Ranar Lahadi da aka ɗan sassauta dokar hana fita, Chuwang ya ba ni wandonsa da wata rigar sanyi, ya rako ni shingen sojoji da ke tsakanin unguwannin biyu. Datti na tsaye a ɗaya gefen da Madam Felicitas da yara. Aka yi musaya a gaban soja: ciyaman ɗaya, a karɓi sakatariya da 'ya'ya uku. Ko sojan ya ga wanda aka cuta.

Mataki na 9: Ka yi murabus a gaban mutanen da ka tabbata ba za su karɓa ba

Ni dai ban tabbata ba. Da gaske na yi.

Cikin Janairu muka yi mitin na farko. Mutum shida sun bar garin, ba su dawo ba har yau. Aka yi wa Badruddeen addu'a iri biyu, kowa ya ce amin ga ta kowa. Sannan na miƙe, ba jawabi, ba Turanci. Na gaya musu abin da ya kai ni Anguwan Rukuba ranar. Na ce kujerar ta Chuwang ce tun tuni, ko ta Madam Felicitas, ni dai na sauka.

Chuwang ya ce shi ba zai iya ba, an dakatar da shi wata shida, yana da takarda.

Madam Felicitas ta ce in ta hau kujera wa zai yi aikin?

Datti ya miƙe, jijiyar wuyansa a tashe. "Ciyaman, zauna don Allah. Garin nan yanzu in aka ɗora na wannan gefe, wancan gefe zai yi zargi. Kai kuwa ba mai zarginka da shirya komai."

Aka yi tafi. Na duba fuskokinsu ko wasa suke, na ga ba wasa ba ne. Na zauna.

Yanzu kowace Laraba bayan azahar ina zuwa shago na shida. Chuwang na koya mini canja gilashin waya. Ya ce hannuna ba laifi, kaina ne ke da tauri. Babbar 'yar Badruddeen ta gama sakandare, ƙungiya ta bar wa mahaifiyarta teburinsa tana sayar da caja da batir. Duk safiya sai na tsaya mun gaisa da matar. Ba ta san abin da na ce wa mijinta a mitin kan maganar waya ba, ko kuma ta sani tana raga mini.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ƙungiyarsa ta watse, kada ya neme ni. Wanda aka tsige, ya binciki bencinsa. Wanda matarsa ta ɓoye masa wani abu a tukunyar daddawa, tsakaninsu ne. Ba ni da alhakin asarar shago, ko ta mutunci, ko ta babbar riga, domin tawa ma har yau tana Anguwan Rukuba, Ngo Klaudiya ta ce ta yi labule da ita. Masu ƙorafi su rubuto ta hannun sakatariya, za ta amsa da sunana.

In kuma, Allah ya kiyaye, wata safiya ta rutsa da kai a unguwar da ba taka ba, da takardar sharri a aljihu, kada ka ce Gwadabe ya koya maka mafita. Ba ni da ita. Ban ƙwanƙwasa ba ma. Buɗe mini aka yi.